Zazzagawan Kudu: Zuriyar Isiyaku Jatau Daga Zariya Zuwa Suleja

Gidan da ke sarautar Suleja a Jihar Neja gidan 'yan gudun hijira ne a asali, kuma sau biyu yana rasa abin da ake zaton gidan sarauta ba ya tsayuwa sai da shi. A farkon ƙarni na 19 ya rasa birninsa, Zariya. Daga 1976 kuma ya rasa mafi yawan ƙasarsa, har da sunan garin da ya kafa da hannunsa. Yau tun da asuba 'yan kamasho a tashoshin Suleja ke kiran fasinjan Abuja, ma'aikata da leburori da 'yan kasuwa suna rububin shiga mota, kuma da wuya a sami wanda zai tuna cewa garin da yake bari a baya shi ne ya amsa wannan suna shekara kusan 150. A bakin tsofaffin cikin gari kaɗai ake jin Abuja da ma'anarta ta da, su ma suna ta ƙarewa.

Tushen gidan yana Zazzau, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kuma wadda ta fi sauran kusa da kudu. Jerin sarakunanta ya faro daga Gunguma, ya ratsa ta kan Bakwa Turunku, wadda ake danganta Sarauniya Amina da gidanta, har ya iso kan Isiyaku Jatau, wanda ya yi sarauta a ƙarshen ƙarni na 18. Daga tsatson Isiyaku sarakunan da suka hau gadon Abuja da Suleja suka fito. 'Ya'yansa uku, Muhammadu Makau da Abu Ja da Abu Kwaka, duk sun yi sarauta ɗaya bayan ɗaya, amma Makau kaɗai ya yi ta a cikin birnin kakanninsu. Shi ne na 60 a jerin sarakunan Haɓe na Zazzau, kuma na ƙarshe da ya zauna a Zariya.

Ana ruwaito cewa Isiyaku ya karɓi kiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo hannu bibbiyu, ɗansa Makau kuwa bai bi sahunsa ba. Da jihadi ya kankama, Malam Musa ya zo da tuta daga wurin Shehu, tare da abokin tafiyarsa Yamusa da jama'arsu. Labarin da aka riƙe a fadar Abuja ya ce an auka wa Makau ne yana masallacin Idi a bayan gari, hanyar komawa cikin birni ta toshe masa, sai ya fuskanci kudu da waɗanda ke tare da shi. Labarin fada yana sa wannan a 1804; masu binciken tarihin jihadi sun fi karkata ga ƙarshen 1808. Ko wace shekara ce, sarki ya fita salla da kayan ado, bai sake kwana a ɗakinsa ba.

Tafiyar ba ta kwana ɗaya ba ce, ba kuma ta shekara ɗaya ba. Makau ya bi ta Kauru, aka rufe masa ƙofa. Ya sami mafaka a Kajuru, abokan gaba suka biyo shi suka kewaye garin wata da watanni. Daga nan ya ci gaba da gangarawa har ya sauka Zuba, garin mutanen Koro, fiye da kilomita 200 daga Zariya. Ba jeji ya faɗa da ka ba. Zuba da Izom da Jiwa da Kuje sun daɗe suna kai gaisuwa Zazzau, saboda haka sarkin ya gudu ne zuwa gefen ƙasarsa, wurin waɗanda suka san sunansa amma ba su saba ganin fuskarsa ba. Wannan ya sauƙaƙa masa sauka, ya kuma ɗora wa masu masauki nauyin da ba su nema ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wannan baƙon ya zo da dawakai da sarakunan yaƙi, da bayin sarki da malamai, da makaɗa da maƙera da mata da yara, kuma rana ta fito bai tashi ba.

Ba Zazzau kaɗai abin ya shafa ba. Sarakunan Haɓen Katsina sun ƙare a Maraɗi, Gobirawa sun taru a Tsibiri, Kabawa sun kafa Argungu, gidan Daura ya rarrabu zuwa Zango da Baure kafin Turawa su mayar da shi Daura. Na Kano, Muhammadu Alwali, an kashe shi a Burumburum, gidansa bai sake kafa gari ba. Waɗanda suka tsira duk sun yi abu guda: sun ƙi sakin sunan sarautarsu. Shi ya sa har gobe akwai Sarkin Katsina a Maraɗi, da Sarkin Gobir a Tsibiri, da Sarkin Kabi a Argungu. Shi ya sa kuma ake da Sarkin Zazzau biyu a Najeriya, ɗaya a Zariya, ɗaya a Suleja. A wurin waɗannan gidaje sarauta ba ganuwa ba ce, jini ne da jama'a. Inda suka sauka nan ne ƙasar. Bambancin Zazzagawa shi ne, sauran ba su fita daga yanayin da suka saba da shi ba, su kuwa sun shiga ƙasar da harshenta da abincinta da damunarta duk daban ne.

Makau ya ƙare kwanakinsa a kan sirdi. An kashe shi a yaƙi kusa da Lapai a 1825, sarauta ta koma hannun ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa. Shi ne ya haƙura da zaman jiran komawa Zariya. A 1828 ya kafa sabon gari kimanin kilomita 10 arewa da Zuba, a bakin kogin Iku, a gindin duwatsu, shekara guda bayan haka ya fara ganuwa. Garin ya ɗauki sunansa. Wurin zaɓin mayaƙi ne: duwatsu a baya, ruwa a kusa, kurmi ko'ina. Zariya ta matsa masa daga arewa, Keffi da Nasarawa daga gabas da kudu, Lapai da Bida daga yamma, amma har Turawa suka zo babu mai tuta da ya ci Abuja da yaƙi. Wannan ne babban abin alfaharin garin, kuma gaskiya ne.

Mutanen da suka tashi a fili, inda ido ke kaiwa nesa, sun tsinci kansu a ƙasar da damuna ke daɗewa, ciyawa ke shanye mahayi da dokinsa, hazo ke kwana a kan Dutsen Zuma. Doya da man ja suka shigo tukunyar da ta saba da dawa da man shanu. Sammore na kashe dawakai, ga shi doki ne ƙarfin sarauta. Matan Gwari, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, suna shigowa kasuwa da itace da doya da tukwane a kafaɗa, ba a ka ba. Hayaƙin ɗanyen itace da ƙanshin jar ƙasa bayan ruwan farko, da ƙarar ruwan Iku a tsakiyar damuna, su ne abin da jikokin 'yan hijira suka tashi suka sani a matsayin gida. Zariya ta zama labari a bakin kaka.

Duk da haka, Zariyar suka sake ginawa. Abu Ja da mutanensa sun jera sarautu yadda suka baro su: Madawaki shugaban mayaƙa, Galadima da Wambai da Dallatu, Ɗangaladima daga cikin 'ya'yan sarki, Sarkin Fada da Makama da Barde da Jarmai, da sarautun mata irin su Iya da Sarauniya da Magajiya, waɗanda ke da faɗa a ji ba na ado ba. Har yau sunayen mazaɓu a Suleja, irin su Wambai da Magajiya da Kurmin Sarki, suna ɗauke da sawun wancan tsari, ko da yake mai zuwa jefa ƙuri'a bai cika tambayar wane ne Wambai ba. Riƙon ya yi ƙarfi har masanin nan M. G. Smith, da zai rubuta littafinsa kan mulkin Zazzau wanda ya fito a 1960, Abuja ya dogara da ita don gane yadda Haɓe suka yi mulki kafin jihadi, domin a Zariya tsarin ya sauya. Ɗan hijira ya fi na gida riƙe tsohon abu, saboda shi kaɗai ya rage masa.

Abu Ja ya rasu a 1851, ƙanensa Abu Kwaka, wanda ake wa laƙabi da Dogon Sarki, ya gaje shi har zuwa 1877. A zamaninsa ne aka fara buɗe ƙofa ga fatake daga Bida da Zariya, bayan shekaru na zaman ɗar-ɗar. Daga waɗannan 'yan'uwa biyu gidan ya rabu reshe biyu, sarauta ta riƙa zagayawa tsakaninsu. Ibrahim Iyalai ɗan Abu Ja ya yi daga 1877 zuwa 1902. Muhammadu Gani ɗan Abu Kwaka ya karɓa zuwa 1917. Musa Angulu ɗan Ibrahim ya riƙe zuwa 1944. Sulaimanu Barau ɗan Muhammadu Gani ya yi shekara 35, zuwa 1979. Ibrahim Dodo Musa, ɗan Musa Angulu, ya biyo baya har 1993. Wanda ya duba jerin zai ga ɗa bai taɓa gadon ubansa kai tsaye ba. Sai sarauta ta leƙa ɗaya gidan sannan ta dawo. Ƙaramin gari da abokan gaba suka yi wa zobe ba shi da halin rigimar gado, kuma wannan karɓa-karɓa ta raba shi da ita shekara sama da ɗari.

Wannan jeri ba a takarda aka fara adana shi ba. Sanƙira da maroƙa ne ke ɗauke da shi a ka, suna jero shi ranar salla da ranar naɗi, wane ɗan wane jikan wane, kowa da kirarinsa, kuma wanda ya tsallake suna a gaban sarki ya jawo wa kansa. Tambura da kakaki da algaita suna faɗin wasu sunayen ba da baki ba, mai kunne ya gane wa ake nufi. A cikin gida tsofaffin mata ne rumbun asali. Su suka san wa ya sha nonon wa, wace ce uwar wane, wane gida ba a aure da shi da dalilin haka. Yaro na jin wannan da dare a tsakar gida bayan tuwo, ba da niyyar koyo ba, ya tashi da shi. Tsagar fuska ma takarda ce: kallo ɗaya dattijo zai yi wa baƙo ya san inda ya fito. Zumunta a ƙafa take, in ji masu magana, kuma a garin da ganuwa ta kewaye, ƙafa na kaiwa ko'ina kafin la'asar.

Yawancin wannan ya ja baya. An daina tsaga, kuma babu mai hankalin da zai so a dawo da aska kan fuskar jariri. Zauren da ake hira ya zama shago ko ɗakin haya, domin kowane taku na ƙasa a Suleja kuɗi ne yanzu. Ganuwa ta narke a ƙarƙashin gidaje. Maroƙa na nan, amma mai kuɗin yau ya fi kakan jiya kawo abin sawa a aljihu, kuma ba a zarge su ba, abinci suke nema. Yaro na iya kawo sunayen 'yan ƙwallon Ingila goma sha ɗaya ba tare da numfashi ba, a tambaye shi kakan kakansa ya yi shiru.

Sai dai asalin da maroƙa suka riƙe bai taɓa zama cikakke ba, kuma wanda ke kewar da ya kamata ya san abin da yake kewa. Jerin na maza ne, na sarakuna. Bai faɗi iyaye mata ba, alhali auratayya da sa-ɗaka sun cakuɗa jinin baƙi da na 'yan ƙasa tun zuriyar farko. Bai faɗi waɗanda suka ɗebo ƙasar ganuwa ba. Garin da ya tsira daga hannun masu tuta ya rayu ne da harajin ƙauyukan Gwari da Koro da Gade da Gwandara da Bassa, da hari, da kamun bayi. Laƙabin Ibrahim Iyalai, Dodon Gwari, kirari ne a fada. A ƙauyen da aka ƙone ba haka ake jin sa ba. Shi ne kuma sarkin da ya kori rundunar Zariya da ta zo cin garin a shekarun 1890, don haka jarumtar da ta'asar a jikin mutum ɗaya suke. Mayanka, wurin da ruwa ke zubowa daga dutse a gefen gari, yau matasa ke zuwa ɗaukar hoto. A da can ake kai wanda aka yanke wa hukuncin kisa. Gidan da ya san ɗacin kora bai hana kansa korar wasu ba, kuma tarihin da ya ɓoye wannan bai yi wa kowa adalci ba.

Turawa sun mamaye garin a 1902, bisa hujjar cewa mutanen Abuja na tare hanyar fatake tsakanin Lakwaja da Zariya. Ibrahim ya rasa ransa a wannan karo, aka naɗa Muhammadu Gani. Hari da cinikin bayi suka mutu, haraji ya koma na kuɗi. A zamanin Musa Angulu aka fara haƙar kuza. Sulaimanu Barau kuwa sabon irin sarki ne: ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a makaranta kafin ya hau gado, kuma shi ya hana talakawa yin afi, wato zuba ƙasa a ka a gaban sarki. A zamaninsa 'yan'uwansa, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, suka zauna da tsofaffi suka rubuta tarihin gidan da al'adun garin da Hausa, Frank Heath ya juya shi zuwa Turanci aka buga a 1952. Sun yi aikin a kan gaɓa, lokacin da waɗanda suka ga zamanin Ibrahim da idonsu ke da rai. Mafi yawan abin da aka sani yau game da hijirar Makau ta hannunsu ya tsira. A fadar wannan sarki ne kuma Baturen nan maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga tukwanen wata Bagwariya daga Kwali. Ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, ita wannan mata, Ladi Kwali, ta shiga a 1954. Yau hotonta ne a bayan takardar Naira 20. Daga cikin dukan mutanen tsohuwar Abuja, fuskar da kowane ɗan Najeriya ya sani ta 'yar talakawan Gwari ce, irin mutanen da jerin maroƙa bai ambata ba.

A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ta ware kimanin murabba'in kilomita 8,000 a tsakiyar ƙasa don sabon babban birnin tarayya. Mafi yawan filin daga masarautar Abuja aka yanke shi. Zuba, inda Makau ya sauka, ta faɗa ciki, haka Jiwa da Kuje. Garin Abu Ja kansa aka bar shi a waje, cikin sabuwar Jihar Neja, sunansa ya tafi ga birnin da ba a gina ba tukuna, shi kuma aka sa masa Suleja don girmama Sulaimanu Barau. Daga Suleja ma'aikatan farko na hukumar gina birnin suka fara aiki, domin ita ce gari mafi kusa da ke da masauki. A ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a sabon birnin, gwamnati ta bar Legas.

A wannan karo gidan bai motsa ko taku ɗaya ba, ƙasar ce ta janye daga ƙarƙashinsa. Ya ba da ita ba da yaƙi ba, kuma mutanen Suleja na da hakkin yin alfahari da haka, kamar yadda suke da hakkin tambayar abin da suka samu a madadi. Sun sami kasuwa mai ci kullum, da babbar hanyar Kaduna, da kuɗin haya, da aiki ga 'ya'yansu a ma'aikatun tarayya, da makarantu da asibitocin da kakanninsu ba su yi mafarki ba. Sun kuma sami cunkoso, da ƙarancin ruwan famfo, da kwatocin da ke malala cikin Iku, da unguwannin da suka tsiro ba tsari, domin garin na ɗaukar nauyin ma'aikatan birnin tarayya da kasafin ƙaramar hukuma. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Suleja mutum sama da 200,000, kuma rusau da aka yi a Abuja a shekarun 2000 ya ƙara turo dubbai zuwa Suleja da Madalla. Waɗanda suka fi kowa asara, a wannan karon ma, Gwarawa ne. An tashe su daga gonaki da kaburburan kakanni. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse, wadda ke cikin masarautar Suleja a yau.

Asali bai mutu ba, rikicin 1993 ya nuna haka. Bayan rasuwar Ibrahim Dodo Musa aka naɗa Muhammadu Awwal Ibrahim, gwamnan farar hula na farko na Jihar Neja daga 1979 zuwa 1983, gari ya yamutse. A 1994 aka sauke shi, Bashir Sulaiman Barau ya hau, sannan a Janairun 2000 Awwal Ibrahim ya dawo gadon, nan ma ba a rabu lafiya ba. Mutanen da ake cewa sun manta kakanninsu sun fito titi a kan wane ɗan wane ne, da wane gida ke da zagaye. An yi asarar dukiya, zumunci ya yi rauni. Abin da ya riƙe gidan a kan hanyar Kajuru shi ne ya kusa tsaga shi a gida.

Masarautar yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, Suleja da Tafa da Gurara, kuma zuriyar waɗanda suka biyo Makau sun zama 'yan tsiraru a cikin garin da suka kafa. Maƙwabtansu Nupawa ne da Yarbawa da Ibo da Tibi da Igala da Barebari, da Hausawan da suka zo daga baya daga Kano da Katsina da Sakkwato da ita kanta Zariyar, wasu don neman abinci, wasu kuma, a 'yan shekarun nan, don gudun 'yan bindiga daga ƙauyukan Neja da Kaduna da Zamfara. Kowanne daga cikinsu na da Kaurunsa da Kajurunsa, garin da aka rufe masa ƙofa da garin da aka ba shi tabarma. Gidan sarauta ya sami Malam Hassan da Malam Shu'aibu. Gidajen maƙera da marina da mahauta da malaman da suka tako daga Zariya tare da sarki ba su sami mai rubuta nasu ba, balle ƙauyukan Koro da Gwari da suka sauke su, balle waɗanda suka iso jiya da ƙullin kaya a bayan babbar mota. Nasu asalin yana nan inda na sarakuna yake kafin 1952, a kan tsofaffi, kuma yawancin tsofaffin da aka haifa garin yana amsa sunan Abuja sun haura shekara hamsin.